Zanen Goyon Ɗan Wadman

Ta kama! Randar ta kama, Tayamai! Da hantsin nan na ɗaga faifan da na rufe bakinta, sai na ga kumfa ta taru a tsakiyar ruwan, shuɗiya, tana ƙyalli kamar wuyan tantabara. Na tsoma wani farin ƙyalle daga ragowar ɗinki, na matsa shi a ƙarƙashin ruwa, na fito da shi kore kamar ɗanyen ganye. Na riƙe shi a iska ina kallo da idona, yana juyawa, yana juyawa, har ya zama shuɗi. Ban san na yi ihu ba sai da uwarki ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana cewa, "Alhaji, kunama ce?" Na ce, "Wace kunama, Hajiya! Zo ki ga abin da ubana yake gani kowace safiya." Ta leƙa, ta toshe hanci, ta ce, "To barka. Amma warin nan sai maƙwabta sun kai mu wajen mai unguwa." Ni kuwa wallahi tun da na baro garinmu ban shaƙi abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Kin ga murna ta sa na faɗo miki ba sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Randar rini nake nufi, wadda na binne a bayan gida, gindin dogon yaro, kuma za ki ji dalilinta. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Habibu, ina gaida ɗan baƙon da ya zo ya ƙwace mini mata, tunda yanzu uwarki ba ta da zance sai "angona ya yi dariya, angona ya yi atishawa". Yaya jego, yaya ruwan zafi? Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya yaron nan, Ya tsare ku a tafiyar da ke gabanku.

Za ki ce tsakanin gidana da Kwaira Kano taksi ɗaya ne, me ya kawo takarda? Kin san dalili. Ke ce ƴar farina. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke na yi doguwar magana ina kallon idonki ba. Haka muka taso muka ga ana yi. Tayamai na laƙaba miki saboda ke ce ta farko a zuriyarmu da aka haifa a Yamai. Amma da zarar kun yi arba'in za ku hau jirgi zuwa Ingila, ƙasar mijinki, kuma akwai tambayar da kika aiko mini ta bakin uwarki, ban amsa ba. Bakina ba zai iya ba, sai bik, wato alƙalami. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun da bai riƙe bik ba sai da ya haura arba'in, a makarantar dare ta manya, ba ya tafiya a miƙe.

Tambayarki ita ce: "Inna, ki tambayar mini Baba, me ya sa sai da Bature ya faɗi asalinsa sannan ya tuna da namu?" Tun ranar nan in na zo dubiya sai ki gaishe ni ki sunkuyar da kai, ba irin sunkuyarwar kunya ba, na san bambancinsu. Ba na so ki hau jirgi da wannan tambaya a ƙirjinki. Bari in faro miki daga farko.

Lokacin da Sumana, abokin wasana Bazabarme mai garka, wato lambu, a Gudel, ya kawo mini Habibu neman aurenki, na yi masa tambayoyi har ya yi gumi. Na san ya daɗe yana aiki da masu garka, yana gyara musu injin ban ruwa a bakin gulbi. Na san ya karɓi addini tun kafin ya gan ki. Na tambayi sallarsa, na tambayi aikinsa, na tambayi ko iyayensa suna raye kuma sun yarda. Da muka je meri, ofishin magajin gari, sa hannu, na ga a takarda an rubuta Wadman. Na ce, "Sunan mahaifinka ke nan?" Ya ce, "Sunan gidanmu ne, Alhaji. Mahaifina Wadman, kakana Wadman, kakan kakana ma Wadman." Da na koma gida na ce wa uwarki, "Mutanen nan rowar suna suke yi ko me? Dangi guda, suna guda, kamar gwangwanin madara?" Muka yi dariya muka wuce.

A wajenmu ai kin sani, sunan uba ne kaɗai yake bin ɗa. Ni ina ɗauke da na mahaifina, ke kina ɗauke da nawa, na kaka kuwa sai ya faɗi a hanya ba wanda ya waiwaya. Saboda haka abin nasu ya zo mini baƙo, kuma maimakon in tambaya sai na yi dariya. Abin kunyar shi ne mushe, wato malamin da ya koya mana karatu, ya sha gaya mana, mu tsofaffin ɗalibansa, "In kun ga kalma kada ku tsaya ga furta ta. Ku tambaye ta daga ina ta fito." Na riƙe wannan a kan kalmomin Faransanci na cikin littafi, na manta da shi a kan sunan mutumin da zan ba ƴata. Ke za ki shiga ƙasar da kusan komai zai zo miki baƙo, yadda suke gaisuwa, yadda suke binne mamaci, yadda suke shiru a cikin mota. Kafin ki yi dariya ki tambaya. Ko kin yi dariyar ma, ki koma ki tambaya. Ni dariyata ta jinkirta mini abin farin ciki har sai da aka haifi yaron nan.

Ana gobe suna na zo gidanku, ina tsaye a bayan labule ina jiran a yi mini iso, na ji kina ce wa uwarki, "Inna, yaron nan zai tafi da sunan da ya yi ɗaruruwan shekaru. Daga wajenmu me zai tafi da shi? Ni ko kakan Baba ban san sunansa ba." Ban shiga ba sai da na yi gyaran murya sau biyu. Maganar ta bi ni har gida.

Kina ciki tare da mata ranar suna, ba ki ga yadda abin ya faru ba, labari kawai aka kai miki. To ga yadda aka yi. Bayan an raɗa wa yaro Hamidu, sunan mahaifina, wanda Habibu da kansa ya roƙa, mutane sun ragu, mun koma ƙarƙashin rumfa ana shayi. Sumana ya ƙoshi da nama, kin kuwa san shi. Ya dubi mijinki ya ce, "Kai Anasara, yau sai ka gaya mana. Hamidu dai mun ji, sunan uban wannan bawan nawa ne. To shi Wadman ɗin da za a liƙa wa yaro a baya, wane ne shi? Sarki ne ko ɓarawon shanu?"

Na ce, "Rabu da shi, Habibu. Bazabarme ne, rago ɗaya ya gani hankalinsa ya tafi."

Habibu ya yi dariya. Da Hausarsa wadda rabinta Zabarmanci ne ya ce, "Ba sarki ba ne, Baba Sumana. Mai aikin hannu ne."

Ya ce a zamanin da, mutanen ƙasarsu suna ɗaya-ɗaya gare su kamar kowa. Da garuruwa suka cika, masu suna iri ɗaya suka yi yawa, sai aka shiga bambanta su da sana'a, ko da gari, ko da sunan uba, kamar yadda muke cewa Isufu tela ko Ali maƙeri. Bambancin shi ne su nasu bai mutu da mai shi ba. Ya manne, ɗa ya gada, jika ya gada, ko da ya bar sana'ar. Ya ce an fi shekara ɗari shida ana haka. Wasu sunayen sun cika ƙasa, na maƙera da masu toya burodi, amma nasu ƙalilan ne ke da shi, mutum zai iya tsufa a can bai haɗu da mai shi ba. Ya ce masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, akwai masu kai sunan wani wajen, amma abin da gidansu ya riƙe shi ne: akwai wani tsiro da suke kira wod, wanda da shi ake rina tufafi shuɗi kafin baba ya iso musu daga ƙasashen zafi. Mai sarrafa shi ko mai sayar da shi, shi ne Wadman.

Ya ce, "Ana tsinko ganyen, a niƙe, a dunƙula curi-curi, a shanya."

Na ajiye kofin shayina. Na ce, "A dunƙula?"

Ya ce, "E, Alhaji, kamar dunƙulen hannu."

Na ce, "Sai a farfasa, a jiƙa, a bar shi ya ruɓa?"

Ya dube ni ya ce, "Yaya aka yi ka sani?"

Na ce, "Hannuwansu fa?"

Ya ce, "An ce shuɗin ba ya fita daga farcensu. Kuma saboda wari, nesa da gidajen manya ake tura su."

Sumana ya buga cinya ya ce, "La ilaha! Bagobiri, ashe jikan masu wari ka ba ƴarka!"

Habibu bai ko sunkuya ba. Ya ce, "Haka ne. A danginmu ba wanda ya san ranar da aka yi rinin ƙarshe. Mahaifina direban bas ne, kakana a gona ya yi aiki. Amma ba wanda ya taɓa cewa a canza sunan." Ya faɗe shi kansa a sama, fuskarsa a sake, kamar mai cewa kakansa ne ya gina masallacin gari.

Tayamai, ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamar wannan ba. Ki duba fa. Wani talaka mai shuɗin hannu, wanda ake toshe wa hanci, bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko kabarinsa ba a sani ba. Amma jikokinsa sun ɗauko sana'arsa a kansu, ƙarni bayan ƙarni, sun shiga da ita lakwal, wato makaranta, sun shiga da ita wajen ɗaurin aure, har wani ya tsallako teku da hamada ya kawo ta ƙarƙashin rumfa a Kwaira Kano. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Ni ma ɗan marini ne. Hamidun da aka sa wa yaron nan sunansa marini ne, ubansa Ɗangaladima marini ne, a karofin garinmu aka haife mu aka yaye mu."

Sai Sumana ya ce, "Kai! Shekara nawa muna shan shayi tare kana ce mini ubanka falke ne? Ashe shi ya sa baƙinka ya fi na kowa, a rame aka tsoma ka!" Aka fashe da dariya, har da ni, amma idona ya cika.

Ga amsar tambayarki. Ban manta ba, ajiyewa na yi. Na zo Yamai ina saurayi, hannuna shuɗi har gwiwa. A shagon telan da ya ɗauke ni koyo, sauran masu koyo suka ce kada in taɓa farin yadi zan ɓata shi. A wajen cin abinci wani ya janye kwano. A nan garin a lokacin, in aka ce ubanka mai aikin hannu irin wannan ne, akwai gidajen da ba za a ba ka tabarma mai kyau ba. Sai na riƙa sauka gulbi ta wajen Saga ina dirje hannuna da yashi da lemun tsami har fata ta saɓule. Da shuɗin ya fita, aka tambaye ni aikin ubana, na ce falke ne mai fataucin tufafi. Ban ɗauke shi ƙarya ba, don yakan ɗauki rawunan da ya rina ya kai kasuwannin ƙauye. Na faɗi ƙaramin ɓangaren, na bar babban. Shi kuma Allah Ya yi masa rasuwa kafin a haife ki, yadin kanti ya cika kasuwa, ramukan karofi suka cike da ƙasa, akuyoyi na kwana a kai. Ba wanda ya sake tambaya, ni ma ban tayar ba. Uwarki ta gane tun zuwanta na farko garinmu, ta ga farcen ƙanwata Hadiza. Ta ce ta jira in faɗa da kaina, jiran ya kai mu ga furfura.

Me ya sa sai da Bature ya faɗa? Saboda ban taɓa jin wani ya faɗi wannan sana'a da irin wannan murya ba. Ni a muryar masu janye kwano na saba jin ta. Da na ji ta a bakin wanda bai ji kunyarta ba, sai na ga ubana yadda yake da gaske: dogon mutum tsaye a bakin rami da muciyar motsa baba, yana ɗanɗana ruwan a harshe ya san ko ya nuna, Buzaye suna sauka daga raƙumi su jira shi, don ba sa yarda da rinin kowa sai nasa. Wannan mutumin na mayar falke saboda wasu yara sun janye kwano.

To ki ji. A can za a tambaye ki daga ina kike, wa ya haife ki, me yake yi. Wata rana za ki ji harshenki yana so ya gyara amsar, ya rage nan ya ƙara can don ta yi daidai da kunnen mai tambaya. Kada ki bar shi. Ki ce ubana tela ne, ya koyi karatu bayan ni, ubansa marini ne. Ki faɗa da muryar da mijinki ya faɗi nasa. Na lura mutane sukan karɓi abu da irin fuskar da mai shi ya miƙa shi.

Bayan suna na kasa zama. Na kira gwaggonki Hadiza a waya, na ce ta nemo mini curin baba in akwai mai yi har yanzu. Ta ce, "Yaya, kai ne? Ɗan falken Yamai? Me ɗan falke zai yi da baba?" Na ce, "Hadiza, ki bar ni da abin da ke damuna." Ta ce, "Ba zan bar ka ba, na daɗe ina jiran ranar nan." Amma ta nemo, wajen wata tsohuwa da ke yi don masu magani, ta sako mini a motar Maradi tare da katsi, wato busasshen laka na gindin tsohon rami wanda ake ƙonawa a zuba a sabo. Ta ce daga ramin Baba ta sa aka haƙo shi. Da na kwance ƙullin na ga wannan toka-tokar ƙasa, sai da na nemi wuri na zauna.

Niyyata in rina zanen goyo guda, ki tafi da shi. Na samo farin saƙi na hannu, na haɗa shi da kaina a keke. Na sayi randa, na binne ta rabi don ta riƙe ɗumi, na zuba ruwa, na zuba toka da katsi da baba kamar yadda hannuna ya tuna. Na jira. Ruwa ya yi baƙi, ya yi wari, amma ba warin da na sani ba, kumfa kuwa babu. Na ƙara toka, na motsa da ƙarfi, na sake motsawa. Ta mutu murus. Na zauna a gabanta na ce shi ke nan, abin ya ƙi ni kamar yadda na ƙi shi. Uwarki ta ce, "Ka sayi garin shuɗi na kanti mana, wa zai sani?" Na ce, "Ni zan sani."

A haka Habibu ya same ni, ya zo gaisuwa. Ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda suruki yake yi, ya dubi randar, ya ce, "Alhaji, wane ruwa ka zuba?" Na nuna masa famfo. Ya ce, "Ruwan famfo ana sa masa magani don ya kashe ƙananan halittun da ke sa ciwo. Ita kuwa randar nan, in na fahimta, da irin waɗannan halittun take rayuwa." Na ce, "Ubana ruwan tabki yake ɗiba." Ya ce, "To mu koma gulbi."

Washegari sai ga shi da Sumana da jarkoki cike da ruwan Gudel a bayan mota. Sumana yana saukewa yana cewa, "Ka gani ko? Bagobiri ko rini zai yi sai da ruwan ubangidansa." Muka wanke randa, muka sake haɗa ta da ragowar baban. Wannan karon ban yi gaggawa ba. Habibu yana zuwa kafin ya tafi aiki, ya riƙe muciya, ni ina gaya masa, "A hankali, daga ƙasa, kada ka shigar mata da iska." Shi ya san abin da ke cikin ruwa, ni na san ƙamshin da ake jira. Ba wanda zai iya shi kaɗai. Ya roƙe ni kada a gaya miki sai ta kama, shi ya sa yake dawo miki da warin da ya ce na injin garka ne. Ki yafe masa, ni na ɗaure masa gindi.

Kuskurena a nan biyu ne, kuma duka za su iya samunki. Na farko, na zo da abin garinmu na zuba masa ruwan wani gari, da ya ƙi sai na ce ni ne na lalace. Za ki dafa tuwo a can ya ƙi, ki yi wa mutum kara ya ɗauka ba ki so, ki yi shiru don ladabi a ce fushi kike. Kada ki ce ke ce kika lalace, kada kuma ki ce abin namu ne ba shi da kyau. Ki duba ruwan wurin. Ki tambayi wanda ya san shi, kuma kin yi sa'a, da shi kike kwana kike tashi. Na biyu, da ta ƙi kamawa sai na ƙara ƙarfi. Randar baba ba ta son haka, zaman aure ma ba ya so, uwar miji ma ba ta so. Ki riƙa zuwa mata kullum, ki motsa kaɗan, ki rufe, ki tafi.

Tunda na ambaci uwar mijinki, ki riƙe ta da kyau. Na gan ta a waya ranar suna tana kuka tana ɗaga wa yaro hannu. Ita ma ba da sunan aka haife ta ba, aure ne ya kawo ta cikinsa, ta riƙe shi ta miƙa. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta tsofaffin gidan, wa ya haifi wa, wa ya yi me. Tsofaffi ko'ina suna son a tambaye su. Sannan ke ma ki ba ta namu. Ga su, na tambayi Hadiza mun haɗa abin da muka tuna: Hamidu ɗan Ɗangaladima, Ɗangaladima ɗan Maazu, Maazu ɗan wani da ake kira Na-Tabki, wanda aka ce shi ya fara haƙa rami a garin. Daga nan ya ɓace mana. Bai kai nasu tsawo ba, amma duk marina ne, kuma yanzu kin san kakan Baba.

Ki yi wa yaron Hausa a cikin ɗaki ko da duk titi na yin wani yare. Ki tsare sallarki, an ce a can rana takan yi rowa a lokacin sanyi, ki bi agogo kada ki bi inuwa. In ya girma aka tambaye shi ma'anar sunansa, ya ce na bayan mai shuɗi ne na ƙasar sanyi, na gaban mai shuɗi ne na ƙasar zafi, kuma ba su taɓa jin labarin juna ba sai a kansa. Ni har yanzu in na tuna wannan sai in ajiye almakashi in yi ta mamakin ikon Allah. Ya raba mutum biyu da teku da hamada da ɗaruruwan shekaru, Ya ba su aiki ɗaya da wari ɗaya da farce ɗaya, sannan Ya haɗa su a cikin jariri mai atishawa.

Zanen ban tsoma shi ba tukuna. Yana nan fari a ninke a kan keke. Shuɗi mai zurfi ba a samunsa da tsomi ɗaya, sai an tsoma an fitar ya sha iska, an sake tsomawa, har ya yi duhu. Ina so tsomin farko ya zama da hannunki. Zai ɓata miki farce, kuma ba zai fita ba kafin ranar jirgi. Za ki sauka a ƙasarsu da shuɗin hannu, ki gaida uwar mijinki da shi. In kin ga ba za ki iya ba, ba zan riƙe ki da komai ba, zan rina in aiko miki. Amma ina roƙo.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya saukar da ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masauki. Ya sa ki samu mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba. Ya jiƙan Hamidu marini, Ya jiƙan magabata, Ya yi wa mai sunansa albarka. Ya sa mu sake ganawa da alheri.

Na tambayi uwarki, ta ce ranar Juma'a kin fita arba'in, za ki iya taka ƙofar gida. To bayan an sauko daga masallaci ina gindin dogon yaro. Na gaya wa Sumana ya zo da mutanen garka, ya zo da bakinsa ma, na yafe masa. Hadiza ta ce tana cikin motar Alhamis. Na gaya wa telolin layinmu, har da wanda ya janye kwanon, yana nan da ransa, haƙoransa ne kawai suka tafi. Maƙwabta masu ƙorafin wari su ma su shigo su ga abin da ke warin. A gaya wa matan Kwaira Kano da suka yi miki zaman jego, a gaya wa duk wanda ya ci naman suna. Kowa ya zo ya gani!

Ke kuma ki goyo Hamidu Wadman ki zo gaba, Rabi'atu. Kin ga na rubuta. Zo ki gani.

Mahaifinki,
Isufu tela, ɗan Hamidu marini